Tarihin Leonardo da Vinci, Gwanin Zane Mai Bin Diddigin Halitta

An haifi Leonardo ran 15 ga Afrilu, 1452, kusa da wani ƙauye da ake kira Vinci, a ƙasar Italiya. Tun yana yaro ubansa ya kai shi birnin Florence wurin wani gwanin zane da sassaƙa mai suna Verrocchio, don ya koyi sana'a. Bai yi zurfi cikin karatun makaranta ba, saboda haka sai ya dogara ga lura da ido.

Wajen shekarar 1482 ya koma Milan ya shiga hidimar sarkin garin, Ludovico Sforza. A can ne ya duƙufa ga bin diddigin tsarin da Allah ya shimfiɗa cikin halitta. Ya lura da itace, ya ga idan an haɗa kaurin rassa duka a kowane hawa, zai yi daidai da kaurin gangar jikinsa. Ya lura da ruwa, ya ga yadda yake murɗawa ya yi kama da nannaɗewar gashin kai. Ya auna jikin ɗan Adam, ya zana shi cikin da'ira da murabba'i. Shi ne kuma ya zana wa abokinsa Luca Pacioli, malamin lissafi, siffofin littafinsa wanda aka buga a 1509. A wurinsa zane da lissafi ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Sa'an nan ya feɗe gawawwaki wajen 30, har ya gane cewa jini yana yin kewaye a bakin babbar jijiyar zuciya, wannan kuwa shi ke taimakon rufe ƙofarta. Sai a 1968 masana suka tabbatar da maganarsa ta hanyar gwaji.

To, me ya jawo wannan jinkiri? Leonardo bahago ne, yana rubutu daga dama zuwa hagu, sai da madubi ake karanta shi da sauƙi, bai kuwa buga bincikensa ba. Ya tafi Faransa a 1516 bisa gayyatar Sarki Francis na Ɗaya, ya rasu a Amboise ran 2 ga Mayu, 1519, yana da shekara 67. Daga baya takardunsa suka warwatse, da yawa suka salwanta, likitoci suka yi ɗaruruwan shekaru ba su amfana da su ba.

Malamai da ɗalibai, mu ɗauki darasi biyu. Mu koya wa yara duban abin da ke gabansu da idon basira, abin da muka sani kuwa mu rubuta shi, mu yaɗa shi tun muna da rai. Allah ya sa mu dace.