Tarihin Steve Biko, Wanda Ya Mutu a Hannun 'Yan Sanda

A filin tarihi na wannan mako mun kawo muku labarin wani mutumin Afirka ta Kudu mai suna Steve Biko. Da yawanmu Mandela kaɗai muka sani a cikin waɗanda suka yaƙi wariyar launin fata a wannan ƙasa. Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, ya fito, ya zama shugaban ƙasa. Shi kuwa Biko kwana 25 ya yi a kamun da aka yi masa na ƙarshe, kuma gawarsa aka miƙa wa iyalinsa.

An haife shi ranar 18 ga Disamba, 1946. Cikakken sunansa Bantu Stephen Biko, ɗan ƙabilar Xhosa ne. Ya tashi a Ginsberg, wata unguwar baƙaƙen fata da ke gefen garin King William's Town. Abin mamaki, mahaifinsa ya taɓa aikin ɗan sanda kafin ya koma akawu. Ya rasu a 1950, lokacin Steve yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa Alice ita ta riƙe 'ya'yanta huɗu, ta yi aikatau a gidajen Turawa, daga baya ta samu aikin dafa abinci a asibiti.

A lokacin doka ta raba mutanen ƙasar bisa launin fata. Unguwa daban, makaranta daban, asibiti daban, har bencin zama a tashar jirgin ƙasa daban. Baƙar fata su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, amma ba su da ƙuri'a, kuma dole su riƙa yawo da takardar izini a aljihu a cikin ƙasar kakanninsu.

Steve yaro ne mai ƙoƙari, har ya samu shiga Lovedale, wata shahararriyar makarantar kwana inda yayansa Khaya yake karatu. Bai daɗe ba 'yan sanda suka kama Khaya bisa zargin yana cikin ƙungiyar da gwamnati ta haramta. Aka haɗa da Steve aka yi masa tambayoyi, ba a same shi da komai ba, amma duk da haka makarantar ta kore shi. Ya koma makarantar St Francis ta 'yan Katolika, ya gama da sakamako mai kyau, a 1966 ya shiga karatun likita a Jami'ar Natal da ke Durban, a sashen da aka ware wa waɗanda ba Turawa ba.

A jami'a ya shiga ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda Turawa masu adawa da wariya suke shugabanta. A 1967 aka yi babban taronta a Jami'ar Rhodes. Da dare ya yi, wakilai Turawa suka kwana a ɗakunan jami'a, baƙaƙe kuwa aka tura su wani coci a unguwar baƙaƙen fata. Wannan ya tsaya wa Biko a rai. Ya ga cewa ko a cikin masu cewa suna tare da su, baƙin mutum ɗan rakiya ne. Shi ya sa shi da abokansa suka kafa tasu ƙungiyar, SASO, aka ƙaddamar da ita a 1969, shi ne shugabanta na farko.

Abin da yake koyarwa ba shi da wuyar ganewa. A ganinsa wariya ta ƙwace wa baƙin mutum ƙasa, sannan ta sa shi ya raina kansa, yana ganin Bature ya fi shi tun daga halitta. Kafin a kori azzalumi daga mulki sai an fara korar wannan raini daga zuciya. Ya kuma haɗa Indiyawa da masu ruwa biyu a cikin waɗanda yake kira baƙaƙe, tunda duk dokar ɗaya ta danne su. Bai gama karatun likita ba, siyasa ta cinye lokacinsa, ya bar jami'a a 1972.

A 1973 gwamnati ta yi masa ɗaurin talala. Ba zai fita daga yankin King William's Town ba, ba zai yi magana a taro ba, ba zai zauna da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda ba, kuma laifi ne jarida ta buga maganarsa. Mu da muke ƙungiyar 'yan jarida, wannan ta ƙarshe ta fi ba mu mamaki. Amma bai zauna haka ba. Shi da abokansa suka buɗe asibitin Zanempilo a ƙauyen Zinyoka a 1975, inda Dokta Mamphela Ramphele take duba talakawa, suka kuma kafa asusun taimaka wa iyalan fursunonin siyasa.

Biko ya san abin da ake yi wa mutane a hannun 'yan sandan tsaro. Akwai wata doka ta 1967 da ake kira dokar ta'addanci, sashe na 6 nata ya ba su ikon tsare mutum har sai sun ga dama, ba kotu, ba lauya, ba ganin dangi. Kafin Biko, mutane fiye da 40 sun mutu a irin wannan tsarewa tun daga 1963. Kullum akwai bayani a shirye: wannan ya zame a banɗaki, wancan ya faɗo daga bene, wani ya rataye kansa. A watan Agusta na 1976 abokin aikinsa Mapetla Mohapi ya mutu a caji ofis, aka ce shi ma rataye kansa ya yi. A wannan shekarar, bayan zanga-zangar 'yan makaranta a Soweto, an tsare Biko kansa kwana 101, aka sake shi ba tare da an tuhume shi da komai ba.

Ranar 18 ga Agusta, 1977, yana dawowa daga Cape Town tare da abokinsa Peter Jones, 'yan sanda suka tare su a shingen bincike kusa da Grahamstown. Ya karya dokar talala, sai aka tsare shi a ƙarƙashin sashe na 6 ɗin nan. Aka kai shi caji ofis na Walmer a birnin Port Elizabeth, aka tuɓe shi tsirara, aka bar shi haka kusan mako uku. A daidai kwanakin nan, daga 22 zuwa 26 ga Agusta, wakilan ƙasashen duniya suna Legas suna babban taron yaƙi da wariyar launin fata, wanda Najeriya ta karɓi baƙuncinsa.

Ranar 6 ga Satumba aka kai shi ɗaki mai lamba 619 a benen Sanlam, hedkwatar 'yan sandan tsaro. A nan aka ji masa mummunan rauni a ka. Bayan haka ba su kai shi asibiti ba, suka ɗaure shi da ankwa da mari a jikin ƙarfen ƙofa.

A nan muke so mu ɗan tsaya, domin ba 'yan sanda kaɗai suka gan shi ba. Washegari an kira likitan gwamnati, Dokta Ivor Lang. Ya ga leɓensa a fashe, hannuwa da ƙafafu a kumbure, maganarsa ba ta fita daidai, tafiya yana tangaɗi. Duk da haka ya sa hannu a takarda cewa bai ga wata matsala a jikinsa ba. Shugaban 'yan sandan, Kanar Goosen, yana ta cewa ai ciwon ƙarya yake yi. An ɗebi ruwan bayansa an gwada, aka ga jini a ciki, wanda alama ce ta rauni a ƙwaƙwalwa, amma aka mayar da shi caji ofis. Ranar 11 ga Satumba aka same shi a yashe a ƙasa, kumfa na fita daga bakinsa. Wani likitan, Dokta Benjamin Tucker, ya fara cewa a kai shi asibiti, da 'yan sanda suka ƙi sai ya yarda a tafi da shi Pretoria. Aka kwantar da shi tsirara a bayan mota Land Rover, ba ma'aikacin jinya, ba takardar bayanin ciwonsa, aka yi tafiyar kilomita fiye da 1,100 cikin dare. Wato kamar daga Kano zuwa Legas, har da ɗori. Ranar 12 ga Satumba ya cika a kan tabarma a wani ɗakin kurkukun Pretoria. Shekararsa 30.

Ministan shari'a da 'yan sanda, Jimmy Kruger, ya fito ya nuna cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi. A taron jam'iyyarsu ya ce mutuwar ba ta dame shi ba, aka yi ta barkwanci ana dariya. Sai 'yan jarida suka tona. Donald Woods, editan jaridar Daily Dispatch, wanda abokin Biko ne, ya je ya ga gawar aka ɗauki hotunanta. Wata matashiyar 'yar jarida, Helen Zille, ta rubuta a Rand Daily Mail cewa ba alamar yunwa a jikinsa, raunin ƙwaƙwalwa ne. Mutum wajen 20,000 suka halarci jana'izarsa ranar 25 ga Satumba, duk da 'yan sanda sun tare motocin wasu a hanya.

Maimakon gwamnati ta hukunta kowa, ranar 19 ga Oktoba ta haramta ƙungiyoyinsa, ta rufe jaridar The World, ta yi wa Woods ɗaurin talala. Duniya dai ba ta yi shiru ba. Ranar 4 ga Nuwamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayar wa Afirka ta Kudu makamai.

A cikin Nuwamba aka zauna binciken musabbabin mutuwar a Pretoria. Lauyan iyalinsa, Sydney Kentridge, ya yi wa 'yan sanda da likitocin tambayoyi har maganganunsu suka riƙa cin karo da juna. Su dai suka tsaya a kan cewa kokawa ta ɓarke ya buga kansa a bango. Ranar 2 ga Disamba majistare Prins ya yanke hukunci cikin 'yan mintuna: raunin ka ne ya kashe shi, amma ba laifin kowa ba ne. Ko a makaranta, idan aka fasa wa ɗalibi kai a cikin aji aka ce ba wanda ya yi, babu malamin ladabtarwa da zai karɓi wannan magana.

Hukuncin farko da aka samu a kan likitoci ne, kuma sai da aka yi shekara 8. Hukumar likitocin ƙasar ta ƙi ɗaukar mataki, sai wasu likitoci, ciki har da Farfesa Frances Ames, suka kai ta kotu suka yi nasara. A 1985 aka soke sunan Tucker daga rajistar likitoci, Lang kuwa kunne kawai aka ja masa.

Bayan zaɓen 1994 an yi gyara sosai. Kundin tsarin mulki na 1996 ya ce duk wanda aka kama dole a kai shi kotu cikin awa 48, yana da 'yancin yin shiru, da ganin lauya, da ganin iyalinsa, da likitan da shi ya zaɓa. Wanda ya san labarin ɗaki 619 zai gane dalilin sa likita a wannan jerin. A 1997 wata hukuma mai zaman kanta ta fara karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda, a 2012 aka maye gurbinta da wadda ake kira IPID. Yanzu idan mutum ya mutu a caji ofis, dole shugaban ofishin ya sanar da ita nan take, ya aika rahoto a rubuce cikin awa 24, ita ce za ta bincika, ba 'yan sandan da kansu ba. A 2013 aka yi dokar da ta mayar da azabtarwa laifi mai zaman kansa. Amma ba a daina ba. Rahotannin IPID na shekarun baya-bayan nan suna nuna mutum fiye da 200 na mutuwa a hannun 'yan sanda duk shekara, wasu da ciwo, wasu da rauni. Bambancin shi ne yanzu ana ƙirga su ana bugawa kowa ya gani.

To ina waɗanda suka yi wa Biko raunin? A 1997 su biyar suka je gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda Desmond Tutu ya shugabanta, suna neman afuwa: Snyman, Siebert, Marx, Beneke da Nieuwoudt. Sharaɗin afuwa shi ne mutum ya faɗi gaskiya duka. A nan aka ji cewa rigimar ta fara ne don Biko ya zauna a kujera ba da izininsu ba, kuma an doke shi da robar tiyo. Sun amsa cewa a 1977 ƙarya suka yi a kan rantsuwa bisa umarnin maigidansu, har ranar da abin ya faru suka canza. Amma kowa ya ƙi cewa shi ya yi kisan. Iyalin Biko suka ce ba su yarda a yafe musu ba, hukumar ma ta hana su afuwar. Mutane suka zuba ido za a kai su kotu. A 2003 masu gabatar da ƙara suka ce ba isassun shaidu, kuma lokacin wasu tuhume-tuhumen ya wuce.

A Satumbar 2025, shekara 48 cif bayan mutuwarsa, aka sake buɗe binciken a babbar kotun Gqeberha, wato sabon sunan Port Elizabeth. Wasu daga cikin mutanen biyar sun riga sun mutu. Babban ɗansa Nkosinathi, wanda yake da shekara 6 lokacin da aka kawo gawar mahaifinsa, yanzu ya haura 50.