Elizur Wright, malamin lissafin da ya sa wa kamfanonin inshora linzami

An haifi Elizur Wright ranar 12 ga watan Fabrairun 1804 a jihar Connecticut ta Amurka. Ya kammala karatu a jami'ar Yale a 1826, ya koyar da lissafi a Ohio, kafin a 1833 ya zama sakataren ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi ta Amurka. Shi ne kuma ya fassara tatsuniyoyin La Fontaine daga Faransanci zuwa Turanci, aka buga su a 1841.

Tafiyar da ya yi zuwa Landan a 1844 ce ta karkata shi ga harkar inshora. A can ya ga tsofaffin da suka shafe shekaru suna zuba kuɗin inshorar rai, ƙarfinsu ya ƙare, suna gwanjon takardunsu a wulaƙance ga 'yan kasuwa da za su jira mutuwarsu su kwashi kuɗin. Abin ya tuna masa da kasuwar bayi.

A wancan zamani, wakilan kamfanoni na yawo gari-gari suna tallan inshora, kuma la'adarsu ta dogara ne ga yawan mutanen da suka shigar. Wanda ya kasa biya sau ɗaya, duk abin da ya zuba ya zama na kamfani. Babu mai duba ko kamfanin na da abin da zai cika alƙawuran da wakilansa suka ɗauka.

Wright ya yi ta zarya a majalisar dokokin jihar Massachusetts har aka kafa dokar 1858, wadda ta ba hukuma ikon ƙididdige ajiyar da ya wajaba kowane kamfani ya tanada. A shekarar ce aka naɗa shi kwamishinan inshora. Shi da 'ya'yansa suka riƙa bin takardun ɗaya bayan ɗaya suna lissafi, kuma yawan aikin ya sa ya ƙera na'urar lissafi mai suna arithmeter. Rahotanninsa na shekara-shekara sun fallasa kamfanonin da ba su da ƙarfi, sun kuma soki kuɗin da ake ɓarnatarwa wajen farautar sabbin masu shiga. A 1861 ya samu aka kafa dokar da ta hana kamfani cinye haƙƙin wanda ya daina biya.

Wannan tsauri ya jawo masa abokan gaba, ya rasa kujerarsa a 1866. Ya ci gaba da aikin lissafi ga kamfanoni, yana kuma fafutukar kare dajin Middlesex Fells kusa da Boston. Ya rasu a watan Nuwamban 1885 a garin Medford, yana da shekara 81.

Tanadin ajiya da mayar wa mai inshorar rai wani kaso idan ya janye suna cikin dokokin CIMA, da ke aiki a Nijar, Chadi da Kamaru.