Daurama: Sarauniyar da ta kafa gidan sarautar Daura

Tafiya kaɗan ce daga rijiyar Kusugu zuwa fadar Sarkin Daura. Masu ziyara sukan tsaya bakin rijiyar su ji labarin Bayajidda da macijiya, su sha ruwan su wuce. Kaɗan ne ke tambayar wa ya fara mallakar gidan da baƙon ya shiga daga baya.

Tarihin baka na Daura ya ce mace ce. Kafin a san sarki namiji, mata ne ke mulkin ƙasar da sarautar Magajiya, tun daga Kufuru. Mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni. Daurama ce ta taso da jama'a daga can ta kafa sabon gari da fadarsa, garin kuma ya ɗauki sunanta.

Sai dai sabon garin yana da matsalar ruwa. Macijiyar da ake kira Sarki ta tare Kusugu, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Da Bayajidda ya iso daga gabas ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je rijiyar da dare ya sare kan macijiyar. Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Shi kuwa ya ce aurenta yake so.

Nan ne lissafin ya sauya. Al'ada ba ta yarda Magajiya ta zauna da miji ba, don haka ta ba shi kuyanga, Bagwariya. Bagwariya ta haihu, aka sa wa ɗan Karɓagari. Sunan kaɗai ya isa saƙo, kuma Daurama ta gane shi sarai. Ta ajiye al'adar, ita ma ta haifi nata, aka kira shi Bawo, wato a mayar da garin ga mai shi. Ta tsare gidan ga jininta, amma farashin ya yi tsada: daga Bawo sarauta ta koma hannun maza, ba ta sake dawowa ba. 'Ya'yan Bawo shida, tare da Biram, su ake dangantawa da Hausa Bakwai. Cikinsu har da Bagauda, wanda Tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a 999.

Gidan ya sake fita hannun zuriyar a 1805, lokacin da Malam Ishaku ya ci Daura a jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya bar garin. Magadansa suka zauna a Zango da Baure kusan shekara 100, sai a 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon. Takobin da ake jinginawa ga Bayajidda yana fadar, sarautar Magajiya kuma har yau ana naɗa ta ga wata babbar 'yar gidan.