Sarkin Musulmi Attahiru: Mutumin Da Bai Warware Niyyarsa Ba

Malamai sun yi bayani cewa ƙulla niyya abu ne mai sauƙi, riƙe ta lokacin tsanani shi ne aikin maza. Daga cikin waɗanda tarihin ƙasar Hausa ya shaida da wannan hali akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, ɗan Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo.

An naɗa shi a Sakkwato cikin watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. A lokacin Turawa sun riga sun ci Bida da Kwantagora da Yola, sun kuwa shiga Zariya. Manyan Sakkwato suka rabu uku wajen shawara: waɗansu suka ce a yi sulhu, waɗansu suka ce a yi yaƙi, waɗansu kuma suka ce a yi hijira. Shi Attahiru zuciyarsa ta fi karkata ga hijira, domin yana ganin bai halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin hukuncin da ba na Shari'a ba muddin yana da ikon fita. Amma bai yi gaban kansa ba, ya tsaya tare da jama'arsa.

Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bakin birnin Sakkwato, bindigogin Nasara suka rinjayi takobi da mashi. Waziri Buhari ya zaɓi sulhu don kāre raunana da suka rage, Turawa kuma suka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Sa'an nan Attahiru na Ɗaya ya ɗauki hanyar gabas da nufin kaiwa Makka.

Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau. Duk inda ya sauka, sai manoma da malamai da masu sarauta su bar gidajensu su bi shi, ga shi kuwa damina ta gabato, lokacin da manomi ba ya son rabuwa da gonarsa. Sojan Turawa suna biye da shi, ga yunwa, ga gajiya, amma bai juya ba.

A Burmi, cikin Jihar Gwambe ta yanzu, tafiyar ta tsaya. Cikin watan Mayu mutanen garin suka kori rundunar Turawa ta farko. Ran 27 ga Yuli 1903 suka komo da ƙarfi. Aka yini ana yaƙi, Manjo Marsh shugaban rundunarsu ya mutu, Sarkin Musulmi kuma ya yi shahada tare da mutane fiye da 600.

Niyyar ba ta mutu da shi ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar, inda zuriyarsu suke har yau.

Attahiru bai ga Ka'aba da idonsa ba, amma Shari'a ta tabbatar cewa wanda ya fita gidansa don Allah, ajali ya riske shi a hanya, ladarsa ta tabbata. Mai ƙulla niyyar haddar Alƙur'ani, ko barin wani saɓo, ko tara guzurin Hajji, sa'an nan ya saki da wahalar farko, ya kamata ya tuna da mutumin da ya bar gadon sarauta bai waiwaya ba. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.