Ella Sheppard, ƴar bayin da ta ceci jami'arta da waƙoƙin iyayenta

Duk ranar 6 ga watan Oktoba, ɗalibai da malaman jami'ar Fisk da ke birnin Nashville na jihar Tenesi a ƙasar Amurka sukan taru domin tunawa da wasu matasa tara. Su ne suka hau jirgin ƙasa a irin wannan rana cikin shekarar 1871 don nemo kuɗin da zai hana a rufe makarantarsu. Cikinsu akwai wata budurwa mai shekara 20, Ella Sheppard, wadda ke kaɗa musu piyano, take kuma koya musu waƙa.

An haifi Ella ranar 4 ga watan Fabrairu na 1851 a Nashville, lokacin da ake saye da sayar da baƙaƙen fata a kudancin Amurka. Mahaifinta, Simon Sheppard, ya yi ta aiki yana tari har ya fanshi kansa a kan dala 1,800. Mahaifiyarta Sarah kuwa tana hannun iyayengijinta, kuma bisa dokar wancan zamani ɗan baiwa bawa ne, ko da ubansa ɗa ne.

Kamar yadda Ella ta rubuta daga baya, wata rana Sarah ta gano cewa uwargijiyarta tana amfani da ƴar ƙaramar yarinyar wajen jin abin da take faɗi da abin da take yi. Baƙin ciki ya sa ta ɗauki ƴarta ta nufi kogi da niyyar su halaka tare. Wata tsohuwar baiwa ce ta tare ta a hanya, ta yi mata nasiha, ta tuna mata cewa rai na Allah ne, har ta juyo. Bayan haka Simon ya sayi ƴarsa a kan dala 350. Sarah kuwa aka ƙi sayar masa da ita, aka tafi da ita jihar Misisipi. Haka uwa da ƴa suka rabu.

Simon ya sake aure, wannan matar ma sai da ya fanshe ta. A 1856 bashi ya yi masa yawa, ya ji tsoron kada masu binsa su ƙwace iyalinsa a matsayin dukiyarsa, sai ya gudu da su zuwa Cincinnati a jihar Ohio, inda babu bauta. A can Ella ta shiga makaranta, mahaifinta kuma ya saya mata piyano. Da ta so koyon waƙa sosai, wata malama farar fata ta yarda ta koya mata, amma da sharaɗin ta riƙa zuwa da dare ta ƙofar baya, don kada iyayen sauran ɗalibai su sani.

A 1866 cutar kwalara ta kashe Simon. Kayan gida har da piyanon suka tafi wajen biyan bashi. Ella tana da shekara 15 ta fara neman abin da za su ci. A 1868 ta koma Tenesi ta karɓi aikin koyarwa a wata makarantar ƴantattun bayi a garin Gallatin. Bayan watanni tana aiki, abin da ta iya ajiyewa bai wuce dala 6 ba. Da shi ta nufi Fisk.

Wata ƙungiyar mishan ta Amurka ce ta buɗe Fisk a 1866, shekara ɗaya bayan ƙare yaƙin basasa da soke bauta. Ajujuwa da ɗakunan kwana duk suna cikin tsofaffin gine-ginen katako da sojoji suka yi asibiti da su lokacin yaƙi. Katakon yana ruɓewa, abinci ba ya wadata, malamai sukan daɗe ba a biya su ba. Ɗalibai kuwa, manya da yara, yawancinsu jiya-jiya suka fito daga bauta, inda a jihohi da dama koya wa bawa karatu laifi ne. Sukan yi karatu na ɗan lokaci, su fita neman kuɗi, su komo. Ita ma Ella haka ta yi: tana koya wa wasu yara kiɗa cikin gari, tana ƴan aikace-aikace, ga rashin lafiya da ke kwantar da ita lokaci zuwa lokaci.

Ma'ajin makarantar, George White, shi ne kuma malamin waƙa. Da ya ga iyawar Ella sai ya ɗauke ta mataimakiyarsa, ta zama baƙar fata ta farko cikin masu koyarwa a Fisk. Kasancewarsa mai riƙe da asusu, White ya fi kowa sanin cewa makarantar ta kusa rufewa. Shi ne ya kawo shawarar fita da mawaƙan ɗalibai zuwa arewacin ƙasar neman taimako, abin da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ne.

Farkon tafiyar ya yi tsanani. Otal-otal suna ƙin ba su masauki saboda launin fatarsu, sanyi yana shigowa ba su da tufafin kirki, abin da suke samu a dare ɗaya sau da yawa bai isa kuɗin jirgi da abinci ba. Duk da haka, ɗan kuɗin da suka samu a garin Chillicothe, wanda bai kai dala 50 ba, sun aika da shi ga mutanen da gobarar birnin Shikago ta rutsa da su cikin wannan watan. A hanya ne White ya raɗa musu suna Jubilee Singers, daga shekarar ƴanci da aka ambata a sura ta 25 ta Littafin Firistoci cikin Littafi Mai Tsarki, shekarar da ake sakin bayi kowa ya koma ga danginsa.

Da farko waƙoƙin Turawa suka fi rerawa, domin su nuna cewa baƙar fata ma ya iya. Waƙoƙin ibada da iyayensu suka ƙaga cikin gonakin auduga da wuraren addu'a na ɓoye kuwa, ba su so fito da su bainar jama'a ba. Ella ta bayyana dalilai biyu: waƙoƙin suna tuna musu da bautar da suke son mantawa, kuma abu ne mai tsarki ga iyayensu, waɗanda da su suke kai kukansu ga Allah. Cikin waƙoƙin akwai labarin Musa da fitar Isra'ilawa daga hannun Fir'auna, da ƙetare kogin Urdun, da wahalar Yesu, abubuwan da bawa ke jin kamar da shi ake.

Sannu a hankali suka lura cewa waɗannan waƙoƙi ne ke sa masu sauraro su yi tsit, wasu har da hawaye. A watan Nuwamba na 1871 suka rera su gaban babban taron limaman majami'u a garin Oberlin. A watan Disamba shahararren fasto Henry Ward Beecher ya karɓe su a majami'arsa ta Brooklyn, daga nan ƙofofi suka buɗe. A 1872 suka yi waƙa a fadar White House gaban shugaba Ulysses Grant, suka kuma koma Nashville da dala 20,000.

Aikin Ella cikin wannan nasara ya wuce kaɗa piyano. Ita ke horar da muryoyi, ita ke jagorantar ƴan'uwanta a kan dandamali in White ba ya nan. Ta tattara waƙoƙi daga bakin waɗanda suka san su, ta taimaka aka rubuta sautinsu a takarda, abin da ya sa ba su ɓace tare da tsofaffin da suka riƙe su ba.

A 1873 suka ƙetare teku zuwa Ingila, suka yi waƙa gaban Sarauniya Biktoriya, firaminista William Gladstone ma ya karɓi baƙuncinsu. Daga 1875 zuwa 1878 suka sake zagaya Birtaniya, suka shiga Holan da Jamus. Jimillar abin da suka tara wa makarantar ya kai kimanin dala 150,000. Da kuɗin aka sayi fili a kan tudu, aka gina Jubilee Hall, wanda aka buɗe a watan Janairu na 1876, kuma har yau yana nan tsaye.

Sai dai an biya wannan gini da lafiya da ƙuruciyar mawaƙan. Shekara bakwai na yawo sun gajiyar da su, rashin jituwa ya shiga tsakani, ƙungiyar ta watse a 1878. Mafi yawansu ba su samu kammala karatu a makarantar da suka ceta ba, domin shekarun da ya kamata su zauna a aji sun ƙare cikin jiragen ƙasa da ɗakunan taro.

Ella ta samu abin da ta fi bukata. Ta gina gida a Nashville, ta ɗauko mahaifiyarta Sarah da ƙanwarta Rosa suka zauna kusa da ita. A 1882 ta auri George Washington Moore, tsohon ɗalibin Fisk kuma fasto. Suka zauna a birnin Washinton, inda mijin ke riƙe da wata majami'a, suka haɗa kai wajen yaƙi da gidajen giya da suka cika unguwarsu. A 1892 suka koma Nashville da ƴaƴansu. Ta ci gaba da taimaka wa mawaƙan Fisk na baya, tana jawabi a taruka, tana rubutu kan halin da mata baƙaƙen fata suka shiga lokacin bauta da bayanta.

Ta rasu ranar 9 ga watan Yuni na 1914, tana da shekara 63. Jami'ar da ta ceta ta yaye mutane irin su W. E. B. Du Bois, wanda ya keɓe babi guda kan waɗannan waƙoƙi cikin littafin da ya fitar a 1903. Ƙungiyar Jubilee Singers tana nan har yau, ɗalibai ke shiga suna fita, kuma a 2021 ta samu kyautar Grammy, shekara 150 bayan tashin jirgin da ya ɗauki Ella da ƴan'uwanta takwas daga Nashville.