Léopold Sédar Senghor: Malamin Nahawu a Gadon Mulki

Akasarin mutane sun san Léopold Sédar Senghor a matsayin mawaƙi kuma shugaban Senegal na farko. Sai dai kafin siyasa ta ɗauke shi, sana'arsa ita ce koyar da nahawu, kuma bai taɓa ajiye alƙalamin gyara ba har bayan da ya hau mulki. Ga ɗalibin ilimin harsuna, rayuwarsa ta ƙunshi wata matsala da har yanzu ba mu gama warwarewa ba, wato matsayin Faransanci a gefen harsunanmu na gado.

An haife shi a Joal, wani gari na bakin teku a kudancin Dakar, ranar 9 ga Oktoba 1906 bisa takardun hukuma. Mahaifinsa, Basile Diogoye Senghor, attajiri ne daga ƙabilar Serer, kuma da harshen Serer yaron ya buɗe baki. A 1914 aka kai shi makarantar limaman Katolika ta Ngasobil, inda ya koyi Faransanci da Latinanci. Daga nan ya shiga makarantar horar da limamai a Dakar da niyyar zama fada, amma shugabanninta suka ga bai dace da wannan hanya ba, sai ya koma makarantar gwamnati. Ya samu bakaloriya a 1928, a shekarar kuma ya hau jirgin ruwa zuwa Faransa.

A lisen Louis-le-Grand na birnin Paris ya ƙulla abota da Georges Pompidou, wanda daga baya ya shugabanci Faransa, sannan ya haɗu da Aimé Césaire na tsibirin Martinik. Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Bai samu shiga École normale supérieure ba, sai ya ci gaba a jami'ar Sorbonne, inda ya rubuta kundi a kan mawaƙi Baudelaire. Jarrabawar agregasiyo kuwa, wadda ke bai wa mutum babban matsayin malunta, ta ƴan ƙasa ce kawai. Da yake ba a haife shi a garuruwa huɗu na Senegal da mazaunansu ke da wannan ƴanci ba, dole ya nemi takardar zama ɗan Faransa tukuna. A 1935 ya ci jarrabawar a fannin nahawu, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

An tura shi lisen Descartes a garin Tours, daga bisani a 1938 aka mayar da shi Saint-Maur-des-Fossés kusa da Paris. Baƙar fata daga ƙasar da ake wa mulkin mallaka yana koya wa ƴaƴan Faransawa harshen iyayensu, tare da Latinanci da Girkanci: abu ne da ba a saba gani ba a wancan zamani. Shi kansa kuma ya koma ɗalibi. Yana halartar darussan Lilias Homburger a kan harsunan Afirka, da na Marcel Cohen da Marcel Mauss da Paul Rivet. A waɗannan shekaru ne shi da Césaire da Léon-Gontran Damas suka kafa tunanin da aka sani da Negritude, wanda ke kare martabar al'adun baƙar fata a cikin harshen da aka yi amfani da shi wajen ƙasƙantar da su.

Yaƙin duniya na biyu ya katse wannan aiki. An ɗauke shi soja, Jamusawa suka kama shi a watan Yuni 1940, ya zauna a sansanonin fursunoni har 1942, lokacin da aka sake shi saboda rashin lafiya. Da ya fito ya koma aji da bincike. Ya buga maƙaloli a mujallar ƙungiyar masana Afirka ta Paris a kan rukunan suna a Wolof da kuma jituwar wasula a Serer. Ƙarshen yaƙin ya same shi yana riƙe da kujerar harsunan Afirka a makarantar da ke horar da jami'an mulkin mallaka. A 1945 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Senegal tare da Lamine Guèye, kuma a shekarar diwaninsa na farko, Chants d'ombre, ya fito. A 1948 ya fitar da Hosties noires da kuma tarin waƙoƙin baƙar fata masu rubutu da Faransanci, wanda Jean-Paul Sartre ya yi wa gabatarwa. Bai manta da ƙananan ɗalibai ba: a 1953 shi da Abdoulaye Sadji suka rubuta littafin karatu na firamare a kan Leuk, zomon tatsuniyoyin Wolof, mai wayo irin na Gizo a wurinmu.

Ya zama shugaban Senegal a 1960. Mulkinsa bai rasa tabo ba: bayan rikicin Disamba 1962 ya tsare firaministansa Mamadou Dia fiye da shekara goma, a 1968 kuma aka murƙushe yajin ɗaliban jami'ar Dakar da ƙarfin tuwo. A fagen harshe, ya tsaya a kan cewa Faransanci ya zama harshen hukuma da na makaranta, domin a ganinsa shi ne zai haɗa ƙabilu ya kuma buɗe wa ƙasar ƙofar duniya. Ya bayyana wannan ra'ayi a wata maƙala a mujallar Esprit a 1962. Duk da haka a 1971 gwamnatinsa ta fitar da dokar rubuta harsunan ƙasa shida: Wolof, Serer, Fulatanci, Mandinka, Soninke da Jola. Masu suka irin su Cheikh Anta Diop sun ga an bai wa harsunan haruffa amma an hana su aji, alhali a nasu ganin yaro ya fi fahimtar kimiyya da harshen da ya sha a nono.

Saɓanin ya fi fitowa fili a kan wani ƙaramin batu da kowane mai nazarin Hausa zai gane, wato ɗaurin baƙi. Senghor ya ƙi yarda a ninka baƙi a rubutun wasu kalmomin Wolof. Jaridar Cheikh Anta Diop mai suna Siggi ta sauya suna zuwa Taxaw saboda wannan, fim ɗin Ousmane Sembène mai suna Ceddo kuwa ya daɗe ba a nuna shi a Senegal ba, don mai shi ya ƙi cire harafi ɗaya daga sunan. Wanda ya san bambancin baba da babba ya san ɗauri na iya sauya ma'ana baki ɗaya. Da yawa sun ɗauki hukuncin a matsayin siyasa da ta fake da nahawu, ganin cewa waɗanda abin ya shafa masu adawa ne da shi.

Alaƙarsa da Nijar ta ratsa ta Yamai. Shi da Diori Hamani, wanda ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris, da Habib Bourguiba na Tunisiya da Norodom Sihanouk na Kambodiya ne suka yi ta kiran a haɗa ƙasashe masu amfani da Faransanci. Bayan taron farko a Yamai a 1969, ranar 20 ga Maris 1970 wakilan ƙasashe da gwamnatoci 21 suka sa hannu a birnin kan yarjejeniyar kafa hukumar haɗin kai ta al'adu da fasaha, tushen ƙungiyar Farankofoni ta yau. Shi ya sa ake bikin Farankofoni a wannan rana kowace shekara.

A ƙarshen Disamba 1980 ya sauka daga mulki da kansa, ya miƙa wa Abdou Diouf. A 1983 aka zaɓe shi memba na Académie française, cibiyar da ke kula da ƙamus da ƙa'idojin Faransanci, shi ne ɗan Afirka na farko da ya zauna a cikinta. A 1990 aka buɗe jami'a mai sunansa a Iskandariya ta Masar. Ya rasu a Verson, cikin yankin Normandi, ranar 20 ga Disamba 2001, aka kai gawarsa Dakar.

A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar da aka haifa a babban birninta, kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya juya tsarin da Senghor ya kare, amma aikin da ya rage irin nasa ne na ainihi: bayanin nahawu, daidaita rubutu, ƙirƙirar kalmomin ilimi da rubuta littattafan aji. Wannan nauyi yana kan sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu da ɗalibansu.