Faulinus na Nola da Matarsa Terasiya: Ma'auratan da Suka Zaɓi Kamewa Domin Hidimar Ubangiji

A ƙasarmu, babban mutum marar aure abin tambaya ne. Idan matar dattijo ta rasu, kafin shekara ta zagayo dangi sun fara nuna masa zawarawa. A Kano har wasan kamun gwauro ake yi a watan azumi. Shi ya sa dattawanmu na Kalgo, Gwandu da kewaye sukan ji nauyin kawo wannan magana a fili, sai dai bayan an tashi sujada su ja fasto gefe. Wani baba zai ce 'ya'yansa sun matsa masa ya sake aure, shi kuwa zuciyarsa na wurin addu'a. Wata mama za ta ce tana so ta raba ɗaki da maigidanta domin ta ba Ubangiji sauran kwanakinta. Tambayar ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara 1,600 da suka wuce wani mutum da matarsa sun fuskance ta, kuma rayuwarsu tana da abin koya mana.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Faulinus wajen shekara ta 353 a birnin Bordo, a ƙasar da yanzu ake kira Faransa. Gidansu na manyan masu sarauta ne a daular Roma, suna da gonaki a Faransa, Sifen da Italiya. Malaminsa shi ne Ausoniyus, shahararren marubucin waƙa wanda ya koyar da Sarki Giratiyan tun yana yaro. Da irin wannan gata, Faulinus bai kai shekara 30 ba ya zama gwamnan lardin Kamfaniya a kudancin Italiya, wajen shekara ta 380.

A cikin lardin akwai garin Nola, kusa da birnin Nafoli. A bayan garin akwai kabarin wani bawan Allah mai suna Filikus, wanda ya sha tsanani saboda sunan Almasihu. Wanda ya san yadda mutane ke zuwa ziyarar kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu zai iya kwatanta irin wurin: manoma da marasa lafiya da mabarata suna tururuwa daga ƙauyuka, musamman ranar 14 ga Janairu. Matashin gwamna ya gyara hanyar zuwa wurin, ya gina masauki domin matalauta. A lokacin bai yi baftisma ba tukuna, amma wurin ya shiga ransa.

A shekara ta 383 aka kashe Sarki Giratiyan. Faulinus ya koma gida, ya auri Terasiya, 'yar manyan mutane daga Sifen, mace mai dukiya kuma mai bi ta gaske. Bishop Delfinus na Bordo ya yi masa baftisma wajen shekara ta 389, daga nan suka koma Sifen da zama.

Kwana takwas

Sun daɗe ba haihuwa. Da Allah ya ba su ɗa namiji, suka sa masa suna Selsus. Yaron ya yi kwana takwas a duniya ya koma. Suka binne shi a garin Komfulutum, wanda yau ke kusa da Madrid. A cikin waɗannan shekaru kuma aka kashe ɗan'uwan Faulinus, shi kansa ya shiga hatsarin rasa ransa da dukiyarsa a sanadin maganar.

Duk macen da ta taɓa goyon ciki ta koma gida hannu wofi ta san irin wannan dare. Wasu ma'aurata irin wannan rashi ne ke raba su: miji ya fara neman wata, mata ta koma gidan iyayenta. Su kuwa sai rashin ya haɗa kansu. Suka zauna suka yi shawara biyu. Za su sayar da gonakinsu su raba wa matalauta. Za su kuma ci gaba da zama tare a matsayin miji da mata, amma su bar kwanciyar aure, su ba da ƙarfinsu ga addu'a da hidima. Faulinus yana da kimanin shekara 40 a lokacin.

Maganar ta girgiza manyan Roma. Bishop Ambros na Milan ya rubuta wa wani abokinsa cewa masu sarauta za su ɗauki abin a matsayin abin kunya ga irin wannan gida, ya kuma nuna cewa Terasiya ma ta sayar da nata filayen. Tsohon malaminsa Ausoniyus ya yi ta aiko da wasiƙu cikin waƙa yana roƙonsa ya dawo, har ya ɗora laifin a kan matar, kamar yadda aka saba. Faulinus ya amsa da ladabin almajiri ga malaminsa, ya kāre mutuncin matarsa, bai kuwa janye ba.

Ranar Kirsimeti, wajen shekara ta 394, jama'ar ikkilisiyar Barsalona suka matsa aka keɓe shi ya zama firist. A shekara ta 395 shi da Terasiya suka tashi zuwa Nola, wurin da ya taɓa mulka yana gwamna. Ko a Roma ba kowa ya yi murna da su ba, domin bishop na birnin, Sirisiyus, ya karɓe shi da sanyin jiki.

Zamansu a Nola

A nan ne za a gane abin da suka yi da 'yancin da suka samu. Ba su rufe ƙofa suka zauna su kaɗai ba. Ginin da suka zauna a ciki bene ne: matalauta da baƙi a ƙasa, su da abokan hidimarsu a sama. Abincinsu kaɗan ne, tufafinsu masu kaushi. Suka gina sabuwar majami'a wadda aka gama wajen shekara ta 403. Da Faulinus ya lura yawancin masu ziyara ba su iya karatu ba, kuma sukan kwana suna ci suna sha a bakin kabarin, sai ya sa aka zana labaran Tsohon Alkawari a bango domin ido ya koya musu abin da takarda ba ta iya ba. Ya kuma yi ɗawainiya har aka gyara hanyar ruwa daga garin Abella, wurin ya sami ruwan sha.

Wasiƙunsa kimanin 50 da waƙoƙinsa kimanin 30 sun kai zamaninmu. Abin lura shi ne, wasiƙu da yawa suna ɗauke da suna biyu a kansu, Faulinus da Terasiya. Agustin, bishop na Hifo a ƙasar Aljeriya ta yau, idan zai amsa, su biyun yake gaisarwa, ya kuma yabi Terasiya a kan cewa ta ƙarfafa mijinta a hanyar Allah. Sukan haɗa wasiƙa da burodi su aika wa abokai alamar zumunci, kamar yadda mu muke aika goro. Mutumin da ya bar kwanciyar aure bai bar matarsa ba. Bai mai da ita 'yar aiki ba, bai kuma ɓoye ta ba. Sun yi fiye da shekara 12 a Nola suna cin abinci ɗaya, suna addu'a ɗaya, suna ɗaukar jinka ɗaya da hannu biyu.

Terasiya ta riga shi tafiya, wajen lokacin da aka naɗa shi bishop na Nola, kusan shekara ta 410. A watan Agusta na wannan shekara Alarik da mayaƙansa na kabilar Got suka washe birnin Roma, suka gangaro kudu har Nola, suka kama Faulinus. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya: attajirai da yawa sun sha azaba a hannun mayaƙa domin su nuna inda suka binne zinariya. Agustin ya ba da labari a littafinsa na Birnin Allah cewa addu'ar Faulinus a hannun maharan ita ce kada a azabtar da shi saboda zinariya ko azurfa, tun da Ubangiji ya san inda ya riga ya ajiye dukiyarsa.

Bayan an sake shi ya yi kimanin shekara 20 yana kiwon garken Nola, gwauro, tsoho, marar ɗa. Wani almajirinsa mai suna Uraniyus, wanda ya ga kwanakinsa na ƙarshe, ya rubuta cewa ana gab da rasuwarsa aka tuna masa da bashin tsabar zinariya 40 na tufafin da aka saya wa matalauta, sai ga wani firist ya iso da kyautar 50, aka biya. Ya rasu ranar 22 ga Yuni, 431, yana da kimanin shekara 78. Yahudawa da waɗanda ba su bin Almasihu ma sun fito makokinsa.

Wata mata da ta bi ta wata hanya

Domin kada mu ɗauki labarin nan da gefe ɗaya, ga wani daga zamanin. Wata mata mai suna Ekdisiya ta ɗauki alkawarin kamewa ba tare da yardar mijinta ba. Daga baya mijin ya yarda, suka zauna haka. Sai ta ƙara gaba: ta fara sa tufafin gwauraye alhali mijinta na da rai, ta kuma kwashe kusan dukan dukiyarta ta ba wasu masu yawon ibada su biyu, ba ta shawarce shi ba, ba ta tuna da ɗansu ba. Mijin ya fusata, ya faɗa cikin zina. Da ta rubuta wa Agustin, bai yaba mata ba. Ya nuna mata cewa zunubin mijin nasa ne, amma ita ma tana da hannu a faɗuwarsa, ya umarce ta ta rubuta masa ta nemi gafara.

Abin da Terasiya ta bari shi ne Ekdisiya ta bari. Bambancin shi ne, ɗaya ta yi tare da mijinta, ɗaya ta yi a kansa.

Awo da Maganar Allah

Ba a kowane abu za mu bi Faulinus ba. Ya dogara ga roƙon Filikus fiye da yadda Littafi Mai Tsarki ya koyar, gama matsakanci ɗaya ne, Yesu Almasihu. Mutanen zamaninsa kuma sun ɗaga rashin aure sama da aure, har Jerom ya yi rubutu a shekara ta 393 da ya ƙasƙantar da aure sosai, abokansa na Roma suka yi ƙoƙarin janye littafin daga hannun jama'a. Ibraniyawa 13:4 ta girmama aure da gadonsa, 1 Timoti 4:1-3 kuma ta yi kashedi game da masu hana aure. Wannan na cikin abin da Martin Luta ya gyara, shi kansa ya yi aure a shekara ta 1525.

Ga ku iyayenmu da ke da aure: a 1 Korintiyawa 7:3-5 Manzo Bulus ya koyar cewa jikin miji hakkin matarsa ne, na mata kuma hakkin mijinta. Ya ba da izinin kamewa bisa yardar juna, domin addu'a, na ɗan lokaci, sa'an nan a sake haɗuwa. Faulinus da Terasiya sun zarce zuwa iyakar rai, wannan kuwa zaɓinsu ne, ba umarni ba ne. Tsufa ba ya soke alkawarin da aka ɗauka a gaban bagade. Mama, idan Baba bai yarda da zuciya ɗaya ba, raba ɗaki ba ibada ba ce. Baba, idan tsohon fushi ne ko rashin lafiyar da kake jin kunyar faɗa, kada ka lulluɓe shi da sunan azumi. Na farko yana bukatar sulhu, na biyu yana bukatar likita. In kuwa ku biyu kun amince, ku fara da lokaci ƙayyadadde, ku bar ƙofar komawa a buɗe ba tare da kunya ba.

Ga gwauraye maza da mata, da waɗanda ba su taɓa aure ba: hanya biyu ce, dukansu masu tsarki. Ibrahim ya auri Ketura bayan rasuwar Saratu (Farawa 25:1). Annabiya Hannatu ta yi shekara 7 da mijinta, ta ƙarasa tsufanta a Haikali da azumi da addu'a, har idonta ya ga Mai Ceto (Luka 2:36-38). Bulus ya kira kowanne baiwa, ya kuma ce wanda ba zai iya kamewa ba ya yi aure. Saboda haka 'ya'ya su daina tilasta wa uba aure don kawai a sami mai dafa masa tuwo, su kuma daina hana uwa aure don tsoron rabon gado.

Tambayar da rayuwar Faulinus ke yi wa mai wannan niyya ita ce: lokacin da ƙarfin da ka samu, wa za ka ba? Su sun ba mabarata, masu ziyara da garin da ba shi da ruwa. A cikinmu akwai marayu, akwai marasa lafiya da ba mai dubawa, akwai sababbin ma'aurata da ke bukatar shawarar wanda ya ga jiya. Mu ma ikkilisiya da aiki a kanmu. Dattijon da ya zaɓi zama shi kaɗai domin Ubangiji kada ya ci abinci shi kaɗai kullum. Zumuntar mata, zumuntar maza da matasa su san ƙofarsa.

Ubangiji ya ba iyayenmu hikimar gane baiwar da ya ba kowannensu, ya ba mu kuma zuciyar girmama ta. Amin.